Kwatabak arba'in a gida ɗaya: wa ya fi kowa lalacewa a Cleveland Browns, kuma laifin wa ne?

Akwai wata riga da ta yi suna a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka. Rigar wasa ce mai lamba 2 ta Browns, ƙungiyar ƙwallon Amurkawa ta garin, an ɗora ta a jikin gunkin tallan kaya a tagar wani ofis, a bayanta an rubuta COUCH sannan aka soke sunan, aka liƙa wani a ƙasa, shi ma aka soke, aka liƙa wani, haka dai sunaye suka yi ta sauka har suka wuce gindin rigar. Kowane suna na wani kwatabak ne da ya taɓa fara wasa wa Browns tun daga 1999. Zuwa ƙarshen kakar 2024 mutanen nan sun kai 40. Mutane na ganin hoton suna dariya, ni kam wallahi duk sanda na gan shi tausayi ne ke kama ni, don kowane layi a jikin rigar nan rayuwar wani yaro ce da aka ɗauko da kiɗa da tafi, aka kore shi da ihu.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurkawa ba, kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo, kusan duk wani hari ta hannunsa yake bi. Koci zai faɗa masa dabara ta lasifikar da ke cikin hular kwanonsa, shi zai sanar da sauran goma, a miƙo masa ƙwallo, kuma yana da kamar daƙiƙa uku ne ya duba fili ya jefa kafin ƙartin da wasunsu sun haura kilo 130 su danne shi. A tamaularmu babu matsayin da ya kai wannan nauyi, sai dai ka haɗa kyaftin da ɗan tsakiya mai raba ƙwallo da rabin aikin koci a jikin mutum ɗaya. Sannan a NFL, babbar gasar wannan wasa, ba a faɗawa ƙasa zuwa rukuni na biyu, wanda ya yi na ƙarshe ma shi ake ba damar fara zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i a shekara mai zuwa. Wato tsarin da kansa yana tallafa wa mai rauni. Shi ya sa abin Browns ke ba da mamaki, an yi ta ba su dama suna zubarwa.

Kuma ba wai gidan ba shi da tarihi ba ne fa. Kwatabak Otto Graham ya kai su wasan ƙarshe sau 10 a shekara 10, daga 1946 zuwa 1955, ya ci 7. Kofinsu na ƙarshe 1964 ne. Bernie Kosar ya kai su bakin Super Bowl, wasan cin kofin NFL, sau uku a shekarun 1980, Denver na tare su. Sai mai ƙungiyar, Art Modell, ya kwashe ta ya koma Baltimore a 1996 ta zama Ravens, aka bar Cleveland ba ƙungiya shekara uku, sannan aka kafa sabuwa da tsohon suna a 1999.

To a nan gardamata ta fara. Duk jerin da za ka gani na mafiya lalacewa sai ka tarar da Tim Couch a ciki, ni kuma ban yarda ba ko kaɗan. Shi ne zaɓi na farko a duk ƙasar a 1999, daga jami'ar Kentucky, aka jefa shi cikin ƙungiyar da aka harhaɗa da ragowar 'yan wasan da wasu suka saki. A shekararsa ta farko sau 56 aka kayar da shi ƙasa da ƙwallo a hannu. Ka tsaya ka yi lissafi, sama da sau uku a kowane wasa ana tsalle a faɗa masa a ƙirji, ban da dukan da yake sha bayan ya riga ya jefa. Duk da haka ya ci wasa 22 ya sha kashi 37, kuma a 2002 da shi aka gama kaka da ci 9 rashi 7 aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sai ƙafarsa ta karye a wasan ƙarshe na kakar, mataimakinsa Kelly Holcomb ne ya buga wasan Pittsburgh na zagayen da aka sha kashi 36 da 33. A wannan shekarar dai, a wasa da Baltimore a gida, ya bugu a kai yana ƙasa, wasu 'yan kallo na garinsu suka hau shewa don murnar za a canza shi. Bayan wasa ya tsaya gaban 'yan jarida a ɗakin canza kaya muryarsa na rawa idonsa cike da hawaye. Wannan bidiyon in ka kalla ba za ka sake kiran mutumin nan rago ba. Jikinsa aka cinye, kafaɗa da gwiwar hannu suka tafi, a 2004 aka sallame shi.

Irin wannan uzurin nake yi wa DeShone Kizer, duk da cewa in lamba kawai za a bi babu wanda ya kai shi muni. Ya fara wasa 15 a 2017, ya faɗi duka 15, ya jefa ƙwallon ci 11, abokan hamayya suka cafke masa 22. Amma yaro ne ɗan shekara 21 da aka ɗauko a zagaye na biyu, wanda kocinsa na jami'ar Notre Dame ma ya ce da ya ƙara shekara a makaranta. Ƙungiyar da ya shigo ta ci wasa ɗaya tak cikin 16 a shekarar da ta gabata, kuma shugabanninta da gangan suka rabu da gogaggun 'yan wasa don tara damar zaɓe a gaba. Koci Hue Jackson yau ya ajiye shi a benci gobe ya dawo da shi, wani lokacin a tsakiyar wasa. Ta ina yaro zai koyi abu a haka? Shi Jackson ɗin ya bar gidan da ci 3, rashi 36, canjaras 1. Cody Kessler da ya riga Kizer da shekara ɗaya shi ma wasa 8 ya fara, bai ci ko ɗaya ba. In yara biyu a jere sun shiga ɗaki ɗaya sun fito da ciwo iri ɗaya, ai ɗakin ya kamata a duba.

Akwai kuma 'yan lamba 22, abin kamar an yi musu baki. Sau uku Browns na ɗaukar kwatabak a matsayi na 22 a zagayen farko: Brady Quinn a 2007, Brandon Weeden a 2012, Johnny Manziel a 2014. Quinn ya ci 3 ya faɗi 9 aka sayar da shi Denver, shi kenan labarinsa. Weeden kuwa yana da shekara 28 aka ɗauko shi, don ya ɓata shekaru yana wasan besbol kafin ya shiga jami'a, wasansa na farko da Philadelphia aka cafke masa ƙwallo huɗu, ya tafi da ci 5 rashi 15. A zaɓen shekarar nan Russell Wilson, kwatabak ɗin da daga baya ya ci kofin gasar, yana zaune har zagaye na uku. Weeden bai zaɓi kansa ba, wani ne da albashi mai tsoka ya zauna a ofis ya ga cewa mai shekara 28 shi ne makomar ƙungiya.

Manziel ne kaɗai zan ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma a nan satar ɓeran ta fi yawa. Yaron yana da baiwa, shi ne ɗan shekarar farko da ya fara cin kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2012. Amma aikin kwatabak rabinsa a ɗaki ake yin sa, kallon bidiyon abokan hamayya awa da awanni, shi kuma daga baya da bakinsa ya amsa cewa bai kalla ba. Wasansa na farko a matsayin mai farawa Cincinnati ta lallasa su 30 da nema. Wasa 8 kacal ya fara, ya ci 2, ga shaye-shaye ga yawon dare, ya shiga gidan gyaran hali a 2015, a Maris 2016 aka sallame shi. Daga baya ya bayyana cewa yana fama da larurar ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum ya riƙa hawa da sauka, kuma wannan ya sa na rage zafin da nake ji a kansa. Sai dai halinsa ba ɓoyayye ba ne tun yana jami'ar Texas A&M, kowa ya sani, suka ɗauko shi don sunansa zai sayar da riguna da tikiti, ba su tanadi yadda za su riƙe shi ba.

Mutumin da ya fi kowa sanin wannan wahalar shi ne Joe Thomas, mai tsaron bayan kwatabak ta hagu. Daga 2007 zuwa 2017 ya buga tashi 10,363 a jere, wato duk miƙa ƙwallon da ake fara hari da ita, bai fita ko sau ɗaya ba, ya tsare kwatabak 20 daban-daban, kuma bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba a rayuwarsa. Ya shiga zauren gwarazan wasan a 2023. Kowane sabon koci ya zo da sabon littafin dabaru da sabbin kalmomi, Rob Chudzinski shekara ɗaya aka ba shi a 2013, Freddie Kitchens shekara ɗaya a 2019, kamar a ce ɗalibi duk zango sai an canza masa yaren da ake koyarwa da shi sannan a ce ya faɗi jarrabawa.

Sai Allah Ya kawo musu Baker Mayfield. Ina tuna daren 20 ga Satumba 2018, wasan ya fara wajen ƙarfe ɗaya da wani abu na dare agogonmu, ina kwance da waya a hannu na rage murya kar in tashi mutanen gida, data na ta tafiya. New York Jets na gaba da 14 da nema, Tyrod Taylor, kwatabak ɗin da ya fara wa Browns wasan, ya bugu a kai aka fitar da shi, yaron ya shigo, ƙwallonsa ta farko ma kana ganin yadda ta fita daga hannunsa ka san wani abu ya canza. Aka tashi 21 da 17, ana dab da kiran sallar asuba. Kwana 635 rabon Browns da cin wasa. A kakar 2020 ya kai su ci 11 rashi 5, a Janairun 2021 suka je har Pittsburgh suka ci 48 da 37, nasararsu ta farko a wannan zagaye tun kakar 1994. Kuma fa a shekara uku na farko koci huɗu ya yi aiki a ƙarƙashinsu. A 2021 ya ji ciwo a kafaɗa ya daure yana bugawa a haka, wasansa ya yi ƙasa, maimakon a ce ya huta a yi masa aiki sai aka juya masa baya.

Abin da aka maye gurbinsa da shi shi ne amsata ga tambayar da ke saman rubutun nan. A Maris 2022 Browns ta ba Houston zaɓenta na zagayen farko na shekara uku a jere da wasu ƙari, ta karɓo Deshaun Watson, ta ba shi kwantiragin dala miliyan 230 na shekara biyar, kuma duka kuɗin tabbatacce ne, ko ya buga ko bai buga ba sai an biya shi, tabbataccen kuɗin da a lokacin ba a taɓa ba wani mai yawansa ba a gasar. A lokacin mata fiye da 20 sun shigar da ƙararsa kan zargin cin zarafi ta hanyar lalata. Ya musanta, ba a gurfanar da shi kan laifi ba, ya sasanta da mafi yawansu, amma NFL ta dakatar da shi wasa 11 ta ci shi tarar dala miliyan 5. Ga shi kuma bai buga ko wasa ɗaya ba a 2021. Duk sun san wannan suka sa hannu. Ni abin nan ya dame ni tun kafin a buga ƙwallo, saboda saƙon da aka aika wa matan da ke sayen tikiti a garin shi ne ƙorafinku bai kai hannun da ya iya jifa daraja ba.

Kwalliya kuwa ba ta biya kuɗin sabulu ba. A kaka uku wasa 19 ya buga, ya ci 9 ya faɗi 10. A 2023 da ya ji ciwo a kafaɗa, Joe Flacco ɗan shekara 38 aka kira daga gida, ya ci 4 cikin 5 ya shigar da su zagaye na gaba da 'yan wasan nan dai da kocin nan dai, Kevin Stefanski. A Oktoban 2024 jijiyar agarar Watson ta tsinke a wasa da Cincinnati, wasu 'yan kallo suka sake yin abin da aka yi wa Couch, suka yi shewa, kuma wannan ban goyi bayansa ba ko a kan wa, Myles Garrett, tauraron ɗan bayan ƙungiyar, ma ya fito ya yi tir da shi. Aka gama kakar da ci 3 rashi 14. A Maris 2025 mai ƙungiyar Jimmy Haslam, wanda ya saye ta tun 2012, ya fito ya amsa cewa cinikin babban kuskure ne.

Na san wani zai ce ai 9 da 10 ya fi 0 da 15 nesa ba kusa ba, ta yaya Watson zai fi Kizer muni? Ni ma'aunina shi ne me aka ba ka kuma me aka biya a kanka. Kizer an ba shi kango, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, bayan shekara ɗaya aka musanya shi aka wuce wurin. Watson an ba shi ginannen gida, ga Nick Chubb mai gudu da ƙwallo ga Garrett ga masu tsaro na kirki, an jinginar da zaɓen shekara uku a kansa, kuma saboda dokar ƙayyade albashi ta gasar kuɗinsa sun ɗaure hannun ƙungiyar ta yadda ko sallamarsa ba ta iya yi cikin sauƙi. A 2017 ma suna da zaɓi na 12 suka sayar wa Houston ta ɗauki wannan Watson ɗin da shi, a shekarar da Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama tauraron kwatabak na gasar, ya tafi Kansas City a na 10. Mayfield da suka tura Carolina kusan kyauta, a 2024 ya jefa ƙwallon ci 41 a rigar Tampa Bay.