Tallafin fasaha ko ƙara wa Barno dawaki?

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a yankin Jahun, kuma wallahi yau raina a ɓace yake.

Makonni uku da suka wuce shugaban makarantarmu ya kira ni ofis yana murna. Ya ce, "Malam, an fito da tallafin gwamnati na koya wa yara haɗa mutum-mutumi da sarrafa kwamfuta, kai za ka cike mana fom." Na hau acaɓa har cikin gari da kuɗin aljihuna, domin a ƙauyenmu sai ka hau tudun bayan masallaci kafin sabis ya kama. Na biya mai shagon kwamfuta, ya buɗe shafin. Sai ga sharuɗɗa.

Wai dole makaranta ta kasance tana da ɗakin kwamfuta mai ƙofar ƙarfe da tagogi masu kariya. Dole da wutar lantarki ko sola. Dole da intanet, da malami mai takardar shaidar karatun kwamfuta, sannan a ɗora hotunan duk waɗannan. Jama'a, don Allah ku gaya mini: makarantar da ta mallaki wannan duka, wane tallafi kuma take jira? Mu da ajinmu ɗaya ke zaune ba rufi tun ambaliyar 2022, yara na kan tabarma, hoton me zan ɗora? Hoton bishiyar darbejiyar da muke darasi a ƙarƙashinta?

Abin da ya fi ci min rai shi ne yaran nan ba basira suka rasa ba. Akwai wani ɗalibina ɗan aji biyu da ya ciro ɗan injin da ke cikin matacciyar rediyo, ya haɗa da batirin tocila da gwangwanin madara, ya yi fanka mai juyawa. Daga baya ya mayar da ita mota ta kara, tana tafiya da kanta a tsakar makaranta, yara na binta da ihu. Ba wanda ya koya masa. Yaron nan ko madannin kwamfuta bai taɓa taɓawa ba, alhali tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ranar da zai fara riƙe linzaminta, ranar ce za a auna makomarsa, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Dutse wanda ya taso da ita a ɗakin babansa.

Na kira lambar da suka bayar har sau huɗu. Da ƙyar wani ya ɗauka, ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ku fara cika ƙa'ida, sai ku nema baɗi." Da me za mu cika? Da kuɗin kwamitin iyaye, wanda ko alli da ƙyar yake saya mana, sai an sayar da riɗi bayan kaka?

Da a ce da gaske ake son kai fasaha karkara, ai da kuɗin farko na faranti biyu na sola ne da batir da kwamfutoci ko da biyar, a tura malami ɗaya horo. Mutum-mutumin ya biyo baya. Kuma su tako da ƙafarsu su ga makarantun, su daina zama a ofis mai sanyi suna jiran hoto.

An rufe karɓar fom ranar Juma'a. Jiya yaron ya tare ni a bakin aji da motarsa a hannu, ya ce, "Malam, yaushe kayan za su zo?" Na ce masa ya shiga aji, an kaɗa ƙararrawa.