Maganin kansa da ke ƙarewa tun yana kan hanya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kansa a asibitin koyarwa na Idi-Araba da ke Legas ya san layin gashin kansa da na'ura da wahalar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. To akwai wata hanya da likitoci ke ji da ita yanzu, ana ɗaura sinadarin nukiliya a jikin wani ƙwayar magani da ya san ƙofar kansar, a yi allura ya bi jini ya je ya manne mata. In mai rauni aka ɗaura sai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta PET ta nuna duk inda cutar ta ɓuya har cikin ƙashi, in mai ƙarfi ne sai ya ƙona ta daga ciki ba tare da ya yi wa sauran jiki ɓarna sosai ba.

Abun ba sabo bane fa, tun 1941 ake ba masu ciwon maƙoƙo aidin mai nukiliya. Sabon dai shi ne irin su Pluvicto na kamfanin Novartis da Amurka ta amince da shi a 2022 don kansar mafitsarar maza (prostate) da ta riga ta bazu, allura har shida, kowace sama da dala 40,000. Ba warkarwa yake ba, kwana yake ƙarawa da sauƙin ciwo.

Kowa kuɗin zai kalla, ni kuwa a ganina agogo ne babban maƙiyinmu. Lutetium-177 da ke cikin allurar rabin ƙarfinsa na tafiya cikin ƙasa da sati ɗaya, na ɗaukar hoto kuwa, Fluorine-18, minti 110 kacal, kamar ka sayo ƙanƙara a Mile 12 gosulo ya riƙe ka. To a ce daga Turai ko Afirka ta Kudu za a ɗauko, ya sauka Ikeja, a tsaya jiran takarda, wani oga ya tafi hutun ƙarshen mako, me zai rage a kwalbar? Kuma marar lafiya ya riga ya biya.

Afirka ta Kudu na haɗa nata sinadarin a cibiyar nukiliyarta ta Pelindaba shi yasa likitocin Pretoria suka yi nisa a harkar. Mu injin nukiliyarmu na Zariya tun 2004 yana nan, amma ƙarami ne, na bincike.

Wasu za su ce ƙasar da injinan gashi ba su ishe ta ba ina ita ina wannan, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai ai ba sai an fara da mai tsadar ba, aidin da hoton ƙashi ba su kai can ba, kuma Asibitin Koyarwa na Ibadan ya daɗe yana yin su. A ba kayan nan hanya ta musamman a filin jirgi, hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da kwastan su zauna su daidaita, a sa su cikin inshorar lafiya.

Mu ma da namu laifin. Dattijo a Agege fitsari na masa gardama shekara guda yana shan jiƙo don kunyar 'ya'yansa, alhali gwajin jini na PSA, mai nuna alamar wannan kansar ta maza, ba sai ya tuɓe wa kowa ba.