Mai ƙidayar kifi a bakin kogin Bogachiel da masuntan Yawuri

Tun da zama ya kawo ni jihar Washington ta Amurka, babu abin da ya tsaya mini a rai game da sha'anin kamun kifi kamar wata matashiyar ma'aikaciya da na tarar a mashigar kogin Bogachiel, kusa da garin Forks, wata safiya cikin watan Janairu. Ana yayyafi, tana sanye da rigar ruwa, kuma duk wanda ya fito daga kogi da sandar fatsarsa sai ta tare shi da ladabi, ta tambaye shi awa nawa ya yi a ruwa, kifi nawa ya kama, nawa ya mayar. Wani dattijo ya ce mata tun asuba yake jifa amma ko taɓa ƙugiyarsa ba a yi ba, ita kuwa ta rubuta wannan amsa da irin kulawar da ta ba wanda ya fito da kifi biyu.

Kifin da ake wannan hidima dominsa shi ne steelhead, wanda ake ƙyanƙyashe shi a kogi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo mahaifarsa don ya yi ƙwai. Ayarin hunturu yakan shigo daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Wanda aka raina a gidan kiwo na gwamnati ana yanke masa wani ɗan ƙaramin fiffike da ke bayansa kusa da wutsiya, shi ne doka ta yarda a tafi da shi gida, wanda kuwa aka samu fiffikensa cikakke ɗan asalin kogi ne, dole a sake shi. Kowane mai lasisi yana da kati da zai rubuta kifin da ya riƙe nan take, ya mayar wa hukumar kifi da namun daji ta jihar kafin ƙarshen Afrilu, ko da bai kama komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ƙidayar take ƙarewa. Hukumar tana wallafa ta a intanet, kogi bayan kogi, ta yadda wanda ya amsa tambaya a bakin ruwa zai buɗe waya ya ga mutum nawa aka tambaya da abin da suka samu. Saboda haka, lokacin da aka hana jifa daga cikin kwalekwale a kogunan gaɓar teku a ƙarshen 2020, masunta sun yi ta ƙorafi, amma gardamar da na ji ana yi a kan adadi ake yin ta. Ƙabilun asali kamar Quileute da Hoh, waɗanda hukuncin kotu na 1974 ya tabbatar musu da haƙƙin rabin kifin da ya halatta a kama, su ma da lissafinsu suke zama teburin shawara.

Ni ɗan Yawuri ne, kuma ba zan yarda a ce mutanenmu ba su san ruwa ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yakan dubi launin Neja ya faɗa maka ko giwan ruwa ta kusa, ya kuma san ramin da tarwaɗa take laɓewa idan ruwa ya ja. A Argungu ma, al'adar hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki ba komai ba ce illa kiyaye kifi, kuma Sarkin Ruwa ne mai tsaron ta. Sai dai wannan ilimi a ka yake zaune, kuma idan tsoho ya ce karfasa ta ragu tun bayan da aka datse kogi a Kainji a 1968, ba shi da takardar da zai ajiye gaban jami'i. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, an kuma sha ƙidayar jirage da kamu a tafkin Kainji, amma ban taɓa ganin sakamakon ya dawo hannun masunci a harshen da yake ji ba.

A ganina nan ne matsalar take. Masuncinmu idan ya ga baƙo da biro yana tambayar abin da ke cikin jirgi, haraji yake tunawa, sai ya rage adadi, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da ya faɗa tafiya yake yi ba ya dawowa. Na san tsarin nan ma yana da rauninsa: wani yakan ƙara gishiri, wani ya ɓoye, kuma da zarar rahoto ya nuna kogi ya yi albarka sai jama'a su yi masa ca. Na kuma san yawancin masu fatsar nan nishaɗi suke nema, alhali namu abincin iyali suke nema, don haka ba za a ce su saki kifi ba. Amma ƙidaya ba ta buƙatar haka. Da za a sa 'ya'yan Sarkawa da suka yi makaranta su riƙa rubuta kamun kowace rana a mashigar Yawuri, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa ba mai karɓar haraji ba, a kuma karanta jimillar da Hausa a rediyo duk ranar kasuwa, na tabbata irin su kawuna da sun fara faɗin adadin gaskiya tun a damina ta farko.