Ni da memori, da hotunan uwargida

Wallahi har yau in na ga memori a teburin masu waya sai gabana ya faɗi. Abu bai kai farcen ƙaramin yatsa ba amma ya sa na yi kwana uku ina cin tuwo babu man shanu a gidana.

Ranar sunan ɗan ƙanina abin ya faro. An raɗa suna da safe, an yi rabon goro da dabino, can da hantsi muka shiga cikin gida gaida mata, sai aka ce ni ne babba, in ɗauki Hajiyarmu hoto tana riƙe da jikanta. Hajiya ta gyara mayafi ta ɗaure fuska kamar wadda za a yi wa fasfon Makka, mata sun yi cirko-cirko suna jira, na ɗaga waya na danna, shiru. Na sake dannawa sai ga rubutu ya fito wai babu sauran wuri. Na fara goge-goge a tsaye, in goge wannan ta ce bai isa ba, in goge wancan ta ce bai isa ba, jariri ya fara tsala kuka, Hajiya tace "kai in ba za ka iya ba ka ba yara mana." A gaban surukai fa. Ƙarshe wata 'yar ƙanwata da ba ta gama sakandare ba ita ta ɗauka da tata.

Wayar nan giga 32 ce, kuma tun ranar da na saye ta kusan kashi ɗaya cikin uku tsarin wayar da kansa ya cinye shi, sauran kuma guruf-guruf na WhatsApp suka raba gado. Guruf ɗin dangi, na 'yan unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan layinmu a kasuwa, na masallaci. Duk Juma'a hoton fulawa mai barka da Juma'a sai ya shigo min sau goma sha daga mutum daban-daban, ga bidiyon wa'azi, ga na maganin basir, ga wani kawunmu da ba ya rubutu sai dai murya ta minti tara wadda ƙarshenta ka ji cewa gaisuwa ce kawai.

Da daddare nake ba uwargida labari, tace ai memori za ka saka Malam, kowa haka yake yi. Nace to ara min naki na tsohuwar wayarki in gwada in gani ko tawa tana ɗauka. Ta buɗe wata 'yar gwangwanin alawa da take ajiye allura da zare ta ɗauko shi a naɗe cikin takarda, giga 8, tace "ka bi min shi a hankali, hotunan bikin autarmu ne a ciki da na yara tun suna jarirai." Nace haba, sai kace yau na fara riƙe waya.

Matsala ta farko buɗe wurin sim. Ɗan ƙarfen nan da ake ba mutum a cikin kwali ya ɓata tun satin farko, kowa nasa ya ɓata, ban taɓa ganin wanda ya ajiye nasa ba. Na karɓi allurarta na ga wani ɗan rami a ƙasan waya na zura na danna da ƙarfi, babu abin da ya fito, na ƙara dannawa. Babban ɗana da ke gefe yana cin gyaɗa yace "Baba nan fa wurin magana ne." Ramin makirfo nake ta soka. Nace na sani, dubawa nake ko ya toshe.

Da aka samu ramin gaskiya a gefe, ɗan faranti ya fito, sai na tarar da wata sabuwa. Gurbi biyu ne kacal, ɗaya na sim, ɗayan kuma ko sim na biyu ko memori, zaɓi ɗaya za ka yi. Kamar a ce maka ko shinkafa ko miya. Na zare layi na biyu na ajiye a kan tabarma ban ko tsaya tunanin cewa shi ne layin da alat ɗin banki ke shigowa ba, wannan sai washegari a shago na gane, lokacin da wani kwastoma ya yi ta rantsuwa ya tura kuɗi ni kuma ina rantsuwa ban ga komai ba, har maƙwabta suka taru.

Na ɗora memori a gurbinsa, ya ƙi zama, na juya shi, na danna da babban yatsa, kawai sai ya yi tsalle ya ɓace. Muka kashe fanka, muka kunna tocila, ni da yara huɗu muna rarrafe a tsakar ɗaki kamar masu neman ɗan kunnen amarya. A cikin takalmina aka same shi.

To ya shiga dai. Waya ta kawo, sai ta jefo min tambaya da turanci, zaɓi biyu. Turancina na kasuwa ne, ina gane lissafi da rasit, amma na fahimci ɗaya yana cewa a yi amfani da shi a matsayin ajiyar tafi-da-gidanka, ɗayan kuma a mayar da shi ajiyar cikin waya. Na yi tunani irin na manya, nace abin da ke ciki ai ya fi tsaro, wa zai bar kayansa a waje. Na danna na ciki. Ta sake kawo wani dogon rubutu da maɓalli a ƙasa, ni kuma a rayuwata in waya ta kawo dogon rubutu ba na karantawa, na ƙasan nake dannawa mu wuce. Wani layi ya fara tafiya, kashi 20, kashi 60, ya cika. Na ji daɗi har na ce wa yara kun gani, ba sai an je wurin mai gyara ba.

Na shiga wurin hotuna in nuna wa uwargida bikin autarsu a babban allo. Wayam. Ko ƙyallin gyale babu.

Wannan dogon rubutun ashe cewa yake za a yi fomatin, duk abin da ke kan memorin zai goge. Ta miƙo hannu tace mu gani. Nace yana lodi ne. Tace to. Bayan minti goma tace ya gama lodin? Nace netwok ne. Ɗan nan nawa, Allah ya shirye shi, yace "Baba memori ai ba ya amfani da netwok." Na zare shi na mayar a tsohuwar wayarta ko Allah zai sa, ita kuma ta ce ba ta ma san wannan memorin ba, sai an sake fomatin. Uwargida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta karɓi abinta ta naɗe a takardar ta mayar cikin gwangwani tace "sannu da aiki injiniya." Daga ranar miyata ta daina ganin man shanu.

Kwana biyu bayan haka ina cikin adaidaita a go-sulo sai ga wani yaro da allon kwali an jera memori reras, da caja da iyafis. Nace nawa giga 128? Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na ji ana sayar da 32 a shago ba, na taya ƙasa da haka don wasa, yace kawo. Tun daga nan ya kamata in sha jinin jikina, amma ina, ni a raina na yi wa yaro wayo, har ina tausayinsa. Lissafina shi ne in kwashe kayana a kai, in roƙi 'yan uwanta su turo hotunan biki in zuba mata, in kai mata a matsayin ban haƙuri.

Wannan karon na zaɓi na tafi-da-gidanka, an sha mu mun warke. Waya ta nuna 128 cif, nace Allahu akbar. Na kwana ina kwashe kaya, hotunan yara, na shago, hoton littafin bashi da nake ɗauka duk ƙarshen wata saboda ko littafin zai ɓata, karatun da nake saurara a mota, komai. Na ga sunayensu sun jeru a memori, na koma cikin waya na goge na asali gaba ɗaya, waya ta yi sakayau kamar an yi mata wankin ciki. Da safe na buɗe, na farko-farkon suna nan lafiya, daga tsakiya kuwa sai hotuna suka koma toka-toka, wani rabin fuska rabi baƙi, bidiyo ka danna ya ce ba zai buɗu ba. Hoton littafin bashi, shafin mutanen da suka fi cin bashin, shi ne ya zama baƙi ƙirin. Uwargida ta leƙo ta kafaɗata tace garin neman gira dai, ba ta ƙarasa ba ta wuce kicin.

Haka na ɗauki ƙafa sai kasuwar waya ta Farm Centre. Na samu wani matashi a ɗan teburinsa da laftof da tulin wayoyi an ɗaure da roba, yace "Baba me ya faru?" Ni da ban rufa hamsin ba wai Baba, amma mai neman taimako ba ya gardamar suna. Ya saka memorin a wani ɗan abu ya soka a laftof, ya kunna wata manhaja da ke cika memori da bayanai har ƙarshe sannan ta dawo ta karanta ta ga nawa ne suka zauna da gaske. Yace sai na yi haƙuri abin yana ɗaukar lokaci, na je na yi azahar na ci abinci na dawo na zauna har la'asar ta kawo jiki. Ya juyo min da allon yana dariya ƙasa-ƙasa yace Baba wannan giga 8 ne aka sa masa babbar riga. Wai ana taɓa ɗan ƙwaƙwalwar da ke ciki ne ya riƙa faɗa wa waya ƙarya, in ka zuba kaya ya wuce ainihin cikinsa sai ya riƙa karɓa yana zubarwa ko yana taka na baya, suna yana nan a jere amma babu komai a ciki. Kamar mai adashin da ke rubuta sunanka a littafi kuɗin kuwa ya tafi.

Na fito da na uwargida, wanda na sato daga gwangwani da asuba, nace wannan fa? Ya tambaye ni me na danna, na faɗa masa. Ya kama baki. Yace da fomatin na yau da kullum ne da ana iya gwada jawo wasu hotunan, amma wancan zaɓin na ciki, wanda aka kawo tun Android 6 a 2015, kulle memorin yake da makullin da wayar da ta yi shi kaɗai ta sani, shi ya sa tata wayar ta ƙi gane shi. Nace yanzu babu dabara? Yace dabara ɗaya ce, ka je ka ba uwargida haƙuri. Nace na bayar. Yace ka ƙara.

Ya kai ni shagon da yake saye, aka ɗauko na gaske giga 64 a cikin kwalinsa a manne, ya nuna min alamomin da ban taɓa kula da su ba, wani 10 a cikin da'ira wai gudun rubutunsa ba ya gaza mega 10 a daƙiƙa, da A1 wai wanda ya dace da manhajoji, yace kuma in tsohuwar waya ce sosai wata ba ta ɗaukar abin da ya haura 32. Na biya ina jin zafin kuɗin har cikin haƙori. Nace sai an gwada a gabana. Aka soka a laftof, ya nuna 59 da ɗigo. Na miƙe tsaye nace lalle yau akwai magana, ina sauran giga biyar ɗina? Mutane suka fara juyowa. Yaron yace Baba zauna, masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, kwamfuta kuma da 1024, mudun ne ya bambanta amma hatsin ɗaya ne. Wani dattijo mai sayar da kwalliyar waya a gefe yace "Alhaji wanda ya nuna maka 128 cif ai shi ya cuce ka, wannan da ya rage shi ne mai gaskiya." Na zauna.

Kafin in tafi na ce ya mayar min da WhatsApp kan memorin tunda shi ne ɓarawon wurin. Yace ai shi a cikin waya yake ajiye kayansa, sai dai in riƙa kwashewa da hannu lokaci-lokaci, ya shiga saitin ya kashe min saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye. Wato duk wannan wahalar, abin da ya kamata in yi tun ranar suna ke nan, danna uku.

Na biya ta wurin mai tsire na yi ƙunshi, na shiga gida da sallama mai taushi. Na ajiye tsire, na ajiye sabon memori a kwalinsa, na fara bayanin 1024 ko za ta ga na ƙaru da ilimi. Ta ci tsirenta tsaf, ta ɗauki kwalin ta jujjuya tace wannan na gaske ne? Nace an gwada a gabana. Tace madalla, ta ɓare shi ta saka a wayarta, wadda ke da gurbin memori daban ba sai an cire layi ba, ta kira autarsu tace ta fara turo hotunan biki, ta miƙo min tsohon nata mai giga 8 tace in riƙe tunda wayata ce kaɗai ta san shi.

Ban saka shi ba, na mayar da layin alat. Jiya Juma'a kawu ya turo murya ta minti goma sha ɗaya, na danna in saurara, waya ta ce babu wuri.