Dankalinmu ya fara zuwa Binuwai

Laifin duk na aikin gidan Ummi ne. Tana ƙaramar sakandare, aka ba su takardar giraf su sa ɗigo: mudun shinkafa a layin kwance da suke ce wa x, kwalbar mai a layin tsaye, wato y. Na leƙa na ce ai (3, 2) da (2, 3) duk kanwar ja ce.

"Haba Abba! Na farko mudu uku ne da kwalba biyu, na biyu mudu biyu da kwalba uku. Tambayi Mama ko ɗaya ne."

Daga kicin uwar ta ce in kuskura in kawo mata na biyun in gani.

Ummi ta zaunar da ni ta koya mini ƙa'ida: ka tsaya kan sifili, ka fara tafiya a kwance, sannan ka hau sama. Kwance tukuna, tsaye daga baya. Wai wani Bafaranshe, René Descartes, shi ya fito da tsarin tun 1637. Na haddace tsaf, har ina ƙure yaran shago da ita a Kasuwar Wuse.

Ana nan sai kawun maiɗakina ya bugo daga Jos, zai kawo mana buhunan dankalin turawa, autansa ne zai tuƙo shi, yaron kuma bai taɓa shigowa Abuja ba. Wayar Kawu irin mai tocilan nan ce, ba ta karɓar taswira. Yaron ya ce in turo lambobin wurin a saƙo, zai kwafe a tasa. Na buɗe Google Maps, na danna kan kasuwa, ya ba ni wajen 9.07 da 7.47. Na duba da kyau: ta farkon nisanmu ne zuwa arewa, ta biyun zuwa gabas. Wato tsaye kafin kwance! Kamfani guda, da injiniyoyinsa, sun karya ƙa'idar da 'yar sakandare ta sani. Na gyara musu. Na tura (7.47, 9.07), har da baka da waƙafi.

Ashe masu taswira da latitud suke farawa, wato nisa zuwa arewa ko kudu, longitud ta gabas ko yamma ta biyo baya. Kowane digiri na latitud kuwa kusan kilomita 111 ne, ni kuma na sauke shagona digiri ɗaya da rabi da 'yan kai zuwa kudu, na tura shi haka zuwa gabas. Ɗigon ya faɗa wani wuri kusa da Gboko, a jihar Binuwai.

Mai zuwa Abuja daga Jos, in ya iso Akwanga Keffi yake nufa. Matar da ke faɗin hanya a cikin wayar ta ce a yi hanyar Lafiya. Yaron ya ɗauka dabara ce ta kauce wa cunkoson Mararaba da Nyanya, har yana yaba mata. Kawu kuwa tun garin Forest ya rufe fuska da hula.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara.

"Kai Baban Ummi, yaushe aka yi muku kogi a Abuja?"

"Kawu, ko tafkin Jabi kuka gani?"

"Wane irin tafki? Muna kan gada, ga masu kwalekwale, allo ya ce Makurɗi!"

Na fara yi masa bayanin x da y cikin ladabi. Na kai kan Descartes ke nan ya ce in ba shi 'yarsa. Abin da ya faɗa mata ban ji ba, na dai ga tana kallona tana "to Kawu, a yi haƙuri Kawu", kuma daren nan tuwona ba nama.

Har gobe ina kan bakana: ƙa'idar da aka koya mini na bi. Masu lissafi da masu taswira su je su sasanta wanda zai riga wani. Ummi ta ce ba ruwanta, malaminsu shinkafa da mai ya ce, bai ce a aika da Kawu ko'ina ba.

Washegari da hantsi suka iso, na biya kuɗin mai da na masauki ba gardama. Da aka buɗe bayan mota sai ga doya jibge kan dankalin, manya-manya. Kawu ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Lambobin nan kar ka goge su. Doya na da araha a can, wata mai zuwa za mu koma."