Tsakar gidan haya: a tambayi masu zama kafin a zuba siminti

Duk wanda ya zaga sababbin gine-ginen Maradi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, ya ga abin da ake yayi: a jera ɗakunan haya goma a fili guda, a malale tsakar gida da siminti daga ƙofa har bangon baya, a kafa famfo ɗaya dab da masai, sannan a kira ƴan haya. Ba bishiya, ba rumfa. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, simintin nan ko akuya ba ta taka shi da tsakar rana, balle yaro mai rarrafe.

Masu gidajen sun ce siminti tsabta ce, kuma wai in ka tambayi mutum goma sai ka ji ra'ayi goma sha ɗaya. Ƙyuya ce kawai aka naɗa wa rawani. Mai zanen ginin bai taɓa wuni a irin wannan gida ba. Matar da ke wuni a ciki ita ta san inda inuwa ke faɗawa da la'asar, inda turmi zai zauna, inda za a ɗaura igiyar shanya, da inda ruwan wanke-wanke zai bi kada ya kwanta a ƙofar maƙwabciya. Da yawa daga ƙararrakin da ke zuwa zauren mai unguwa daga wannan ruwan suke tasowa.

Abin haushin, a jiharmu aka gwada wannan darasi. An sha dasa itatuwa bisa umarni daga sama suna mutuwa. Sai da sassabin zamani ya fara yaɗuwa a gonakin Maradi daga 1983, manomi ya zama shi ke zaɓen kututturen da zai bari ya tofo, sannan gawo da kalgo suka dawo. A ƙasar Danmak ta Turai, inda aka buɗe rukunin gidajen zaman tare na farko a 1972, mazauna ne suka zauna da mai zane tun ba a aza tubali ba. Mu da muka gaji zaman gida ɗaya kaka da kakanni, mu ne za a hana wa bakin magana?

Za a ce ai ba a san ƴan hayan ba lokacin gini. To a bar tsakar gidan da ƙasarta har su tare, su ga bazara ɗaya da damina ɗaya, sannan a zauna da su, mata a gaba. Kuɗin simintin da aka rage ya isa a dasa dogon yaro biyu, a yi musu shinge saboda awaki.