Gishirin da ba ya tururi, ina yake ƙarewa?

Tun da hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfani da methylene chloride, wani sinadarin narkar da abubuwa a masana'antu, a 2024, neman abin da zai maye gurbin tsofaffin sinadaran narkarwa ya zama dole ga masana'antu. Ba ni da ja a kan haka. Abin da ke ci mini rai shi ne gaggawar da ake yi wajen liƙa wa gishiri mai ruwa-ruwa da ake tallatawa a matsayin madadinsu, musamman wanda aka ɗaure a sarƙar folima (dogon jerin sinadarai irin na roba), tambarin "mai kare muhalli" tun ba a bi sawunsa an ga inda yake ƙarewa ba.

Shi wannan gishiri ba yau aka san shi ba. Masanin sinadarai Paul Walden ya bayyana irinsa tun 1914, wanda ke narkewa a digiri 12, alhali gishirin da kowa ya sani sai ya kai digiri 801. Hujjar masu tallarsa guda ce: kusan ba ya tururi, don haka ma'aikaci ba zai shaƙe shi ba, kuma ba ya saurin kama wuta. Gaskiya ne. To amma abin da ya ƙi tashi iska ai ruwa yake bi. Yawancin nau'in wannan gishiri da ake kira imidazolium ba sa ruɓewa da sauƙi, kuma iya tsawon sarƙar kabon ɗin da ke jikinsu, iya dafin da suke yi wa halittun ruwa. Nau'in da ke ɗauke da sinadarin hexafluorophosphate kuwa, idan suka gamu da danshi suna iya sakin asid mai sinadarin fuloro da ke cin gilashi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ko an manta cewa iskar CFC da ake sanyaya firji da ita ma da yabon rashin dafi da rashin kama wuta ta shigo, har sai da duniya ta zauna a Montreal a 1987 don taka mata birki?

Masu kare folimar za su ce ai matsalar da ɗaurin ya zo warwarewa ke nan. Tun aikin Hiroyuki Ohno a Japan a 1998 ake bin wannan hanya, kuma tana da amfaninta: idan an gama haɗin sai a tace, a ɗebe ɗaurarren gishirin, wanda shi ke ingiza haɗuwar sinadaran, a sake aiki da shi. Sai dai a tambayi yadda aka ƙera ita folimar. Mataki bayan mataki ne, kuma sau da yawa da sinadaran narkarwa na gargajiya ake yi, wani lokaci har da shi methylene chloride ɗin da ake gudu. Ƙazantar ba ta ɓace ba, bayan gida aka kai ta don kada baƙo ya gani. Sannan a maimaita aiki da ita 'yan lokuta a ɗakin gwaji, a buga takarda, a yi shiru game da ranar da za ta gaji. Roba ce fa, mai ɗauke da caji, a lokacin da Tarayyar Turai ta fara takaita ɓarɓashin roba tun 2023.

Masu cewa irin wannan suka na kawo wa bincike cikas ba su cancanci dogon martani ba. Kamfanin sinadarai na BASF ya fara amfani da gishiri mai ruwa-ruwa a masana'antarsa ta Ludwigshafen da ke Jamus a 2002, ya kuma yi nasara domin lissafin ya fita a aikace, ana juya sinadarin ana sake amfani da shi.

Masanin sinadarai Roger Sheldon ya ba mu ma'auni tun 1992: kilo nawa na shara ake fitarwa kan kowane kilo na kaya. A masana'antar magunguna yakan kai 25 zuwa sama da 100. Mujallun kimiyya su daina karɓar iƙirarin kare muhalli sai da wannan lissafi, tun daga ƙera folimar har zuwa ranar zubar da ita.